Wanda Baba Yake Kira da Suna

Mahaifina ya koma ga Ubangijinsa ranar wata Talata bayan azahar, a ƙarshen daminar da ta wuce, a gidansa da ke ƙauyenmu kusa da Ƙarfi. Wanda Ya ba mu aronsa Shi ne Ya karɓa, kuma can ne makomarmu baki ɗaya. Ina rubuta wannan domin kada a manta da shi, kuma na ɗaura wa kaina sharaɗi: abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ambaci wanda ya faɗa, inda nake shakka kuma zan bayyana shakkata. Shekarunsa ma ban tabbatar ba. Goggo, wato yayarsa, ta ce ya haura saba'in. Baffa, ƙanensa, ya ce bai kai ba. Na bar maganar yadda na same ta.

Kwana uku na zauna a zaure gefen Baffa ina karɓar gaisuwa, kasancewata ɗan fari. Ban ƙirga masu zuwa ba, don haka ba zan ba da adadi ba. Abin da zan iya shaida shi ne, da wuya mutum ya gama addu'a, ya shafa, ya yi mana ya haƙuri, bai juya ya tambayi karen ba.

"To, ina Duna?" in ji wani dattijo da ya zo daga Malumfashi.

"Yana gona," in ji Baffa. "Ya ƙi cin komai."

"Allah Sarki. Ai shi ne marayan gaskiya."

Ina zaune, gwiwata na kusan taɓa tasa, ya faɗi haka.

Wani makiyayi da ya tako da ƙafa daga rugarsu ya ba da labarin yadda Duna ya taɓa koro masa maraƙin da ya ɓace. Wani ya ce shi bai taɓa ganin dabba mai jin Hausa irin wannan ba. Liman ma da aka ja shi cikin zancen ya yi bayani cewa ajiye kare domin gadin gona halas ne, kuma marigayi ya kiyaye iyaka, bai taɓa shigo da shi gida ba. Da na shiga cikin gida, na tarar da mata kewaye da Inna, mahaifiyata, wata tsohuwa tana kwatanta musu yadda Duna ke mutuwar ƙarya, wasu na toshe baki da mayafi. Babu wanda ya ba da labarin wani abu da ya gudana tsakanin marigayi da ɗansa na fari. Ba laifinsu ba ne, domin ba su da labarin da za su bayar.

Ranar Alhamis, bayan an watse daga sadakar uku, Baffa ya tsayar da ni a ƙofar zaure.

"Maisuna, akwai maganar karen nan. Wani mafarauci daga Dayi ya zo gaisuwa, ya ce yana so. Ni ka san ban taɓa shiri da ajiye kare ba, 'ya'yana kuma babu mai kai masa tuwo gona. Kai kana Funtua a ɗakin haya."

"Baffa, ai ya tsufa da farauta."

"Wannan kuma tsakaninsu. Ranar bakwai mutumin zai dawo da igiyarsa. Kai ne babba, bakinka nake jira. Ka ce a ba shi, ko ka nuna mini mai riƙewa."

Na san abin da ke jiran tsohon kare a dawa, ba zai ga wata daminar ba. Amma na yi alkawarin faɗin gaskiya, don haka zan faɗa: da na ji maganar Baffa, sanyi na ji a ƙirjina. Shekara tara ke nan ina kishin karen nan.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin mai digiri yana kishi da kare, saboda haka sai na yi bayani. Kakanninmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama fartanya. Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakana, amma kunyar ɗan fari ba ta bar gidan ba. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban kowa. Gidaje da yawa sun sassauta. Baba bai sassauta ko kaɗan ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, a ɗakinta na girma, katanga ɗaya tsakaninmu da gidan Baba. Ƙari a kan haka, sunan kakana aka raɗa mini, shi ya sa duk dangi Maisuna suke ce mini, sunana na yanka sai a makaranta da kan takardu. Baba kuwa ko Maisunan bai taɓa faɗa ba. Idan dole ta kama, sai ya ce "wancan", ko "ɗan Yaya", yana nufin ɗan Goggo. Da na shiga jami'a ya koma ce mini "baƙon". Ƙannena mata uku yana kiransu da sunayensu, yana tsokanarsu, yana sayo musu alewa ranar kasuwa. Wannan na iya jurewa, domin na san ƙa'idar. Abin da na kasa jurewa shi ne kare.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ya zo da shi, ɗan kwikwiyo baƙi wuluk mai farar ƙafa ɗaya. Inna ta ce a kwalbati ya tsince shi bayan ruwan sama. Maƙwabcinmu na gona, wanda amininsa ne tun ƙuruciya, ya ce wani makiyayi ne ya ba shi. Ban san wanne ne daidai ba. Ya raɗa masa Duna, ya yi masa bukka kusa da ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa. Daga ranar, tun kana kan hanya za ka ji muryar Baba: Duna zo, Duna bari, Duna ka ga hadari kuwa? Mutumin da ake cewa ba shi da yawan magana, ashe abokin hira ya rasa.

Adalci ya wajabta in ce karen yana da basira, ko da yake na daɗe ina musun haka a gaban mutane. Baba ya ɗaura tsumma a ƙotar fartanya, da lauje, da igiyar malafarsa, domin kada bakin kare ya taɓa inda hannu ke riƙewa. Sai ya ce, "Duna, lauje," ya tafi ya kama tsumman ya jawo. Wata rana na faki idon Baba na sauya wa kayan wuri, na tura lauje ƙarƙashin harawa, don in tona asirin cewa wuri ya haddace ba suna ba. Ya tono shi, ya ajiye a gaban Baba, sannan ya juyo ya dube ni. Ba zan ce kallon raini ba ne, domin ban san abin da ke zuciyar kare ba. Amma haka na ɗauke shi.

A ƙarƙashin ɗorawar nan Baba yake salla idan lokaci ya riske shi a gona. Tun Duna yana ƙarami ya ja masa layi da sanda a ƙasa, ya hana shi ƙetarewa. Ruwan shekara nawa ya wanke layin, amma Duna na zuwa daidai wurin zai tsaya, ya kwanta, ya ɗora haɓa bisa ƙafafunsa har a yi sallama. Buta da tabarma ko sansana su bai taɓa yi ba. Yana da kaskonsa dabam.

Lokacin huɗa kuwa, Baba kan tura shi can ƙarshen gona ya zauna, shi kuma ya saita garmar shanu a kansa. In an kai ƙarshe, Duna ya matsa taki ɗaya ya sake zama a wancan ɓarin bayan an juyo. Layin Baba kamar an ja da zare, har mutane kan tsaya kallo. Ni ilimin noma na karanta. A hutuna na shekara ta biyu na zo da igiyar awo da turaku, ina ɗokin nuna abin da na koya. Na durƙusa na yi bayani dalla-dalla. Baba ya saurara, idonsa na kan shanu, sannan ya ce:

"Duna, an kawo mana igiya daga Zariya. Ashe aikinka ya ƙare."

Karen ya yi hamma. Maƙwabcinmu ya yi dariya har da tari. Na naɗe igiyata.

Haka yake magana da ni, ta bakin kare. "Duna, ka tambayi baƙon ko jarrabawa ta yi sauƙi." Ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Mutane suna ganin abin da ban dariya, kuma ba zan musa ba, Baba mutum ne mai barkwanci. Ranar gayya, in ya ga samari sun fara kasala, sai ya ɗaga murya ya ce, "Duna, ga aiki." Nan take karen ya faɗi, ƙafafu sama, harshe waje. Sai ya ce, "Duna, fura ta iso." Ya zabura yana kaɗa wutsiya. Samari su yi dariya su koma bakin aiki, ba a zagi kowa ba.

Bai taɓa kama dabbar wani don ta yi masa ɓarna ba. Akwai wata tsohuwa a bakin gari da awakinta suka addabi wakensa. Duna kan koro su a hankali, ba cizo ba haushi, har bakin shingenta, ya juyo. Da Baba ya gane rashin abincin ba su ne ke sa ta sakinsu, sai ya riƙa aika mata da harawa duk kaka. Ita da bakinta ta faɗa mini wannan ranar gaisuwa, kuma ta ce bai taɓa yi mata maganar waken ba.

Akwai wani hali na Duna da ya fi komai ƙona mini rai. Duk lokacin da na dawo gida, daga Zariya da farko, daga baya kuma daga Funtua inda nake koyarwa, galibi ranar Juma'a bayan masallaci, nakan sauka a bakin titi wurin mai shayi da mai tsire. A nan zan same shi zaune. Yana ganina zai yi haushi sau biyu, ya juya ya zura da gudu, ko kusa da shi ba ya bari in zo. Na ɗauka ƙasusuwan mai tsire ne ke kawo shi, ganina kuma ke korarsa. Daga titi nakan fara biyawa gona in gaida Baba, tafiyar kamar minti ashirin. Kullum zan same shi sunkuye, ya ba hanya baya. In durƙusa daga nesa.

"Baba, barka da aiki."

"Yauwa." Sai ya juya ga karen. "Duna, masarar nan da muka gasa ta yi mana yawa. Ko ka san mai so?"

In rani ne, rogo ko dankali. Nakan ɗauka in ci, domin ƙin ci rashin ladabi ne, amma ina ci ina jin cewa ragowar kare aka ba ni.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma ni ne da laifi mafi yawa. Da bikin kammala karatunmu ya matso, na ɗinka masa riga da hula na aika ta hannun Goggo. Ranar bikin Baffa ya zo, Goggo ta zo, ƙannena sun zo. Baba bai zo ba. Kwana biyu kafin nan Duna ya ci maganin ɓera da wani ya zuba kusa da rumbu, Baba ya tare a gona yana ɗura masa madara da garin gawayi. Goggo ta ce ko da karen lafiya lau yake ba zai zo ba, domin ba zai iya zama cikin taro ana kiran sunan ɗansa na fari a lasifika yana ji ba. Yanzu na yarda da ita. A lokacin ban yarda ba.

Na tafi gona da takardar shaidata a cikin leda. Baba na zaune yana wasa lauje, karen na kwance gefensa, haƙarƙarinsa duk a waje. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa kare magana.

"Duna, ka tambayar mini maigidanka, da ni ne na ci guba zai tare a kaina haka?"

Ƙarar dutse da lauje ta ci gaba na ɗan lokaci.

"Duna, ka ce masa mai Yaya, da uwa, da baffa, da malamai ba ya rasa mai zama a kansa. Kai wa gare ka?"

"Ka ce masa ni ba mai zama a kaina nake nema ba."

"Ka ce masa na ji."

Na sunkuya na ɗauki dunƙulen ƙasa na jefi karen. Ya same shi a haƙarƙari, ya yi ƙara. Baba ya miƙe tsaye, ya dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ya taɓa yi ba. Na zaci zai kira ni da suna ko don ya zage ni, kuma Allah Ya sani da na yi murna. Sai ya durƙusa ya shafa kan karen da bayan hannu.

"Yi haƙuri, Duna. Karatu ya yi masa yawa, ya gaji."

Wata uku ban taka ƙauyen ba. Da na dawo, Goggo ta tare ni tun daga ƙofa. "Sannu, mai gasa da kare. In kana so a ja maka layi a ba ka kasko, sai ka faɗa." Na je gona na durƙusa. Aka ce wa Duna dankali ya yi yawa. Shi ke nan sulhun, ba a sake tayar da maganar ba.

Ciwon Baba na ajali bai kai mako biyu ba. An kai shi asibiti a Malumfashi, ya ce a mai da shi ɗakinsa. Na zo ranar Lahadi na zauna a bakin ƙofa. Ya yi wa Baffa maganar gona, ya yi wa ƙannena nasiha ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da ya zo kaina, ya dubi bango ya ce, "A ce wa baƙon ya leƙa Duna." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe a kaina. Ban leƙa ba. Washegari na koma Funtua saboda ɗalibaina na jarrabawa, ranar Talata aka kira ni a waya.

Don haka, washegarin maganata da Baffa, wato ranar Juma'a da hantsi, na ɗauki tuwo na nufi gona. Niyyata in sauke wannan saƙon, sannan in ce a ba mafarauci. Na sami Duna kwance daidai inda layin nan yake a da, yana fuskantar gindin ɗorawa. Na zuba masa tuwo a kaskonsa, bai duba ba. Na ce, "Duna, lauje." Ko kunne bai motsa ba. Na ce masa fura ta iso, ina jin kunyar kaina. Shiru.

Ina tsaye wayata ta yi ƙara. Wani sabon ma'aikaci ne daga makarantarmu, yana neman tabbatar da ranar da zan dawo. Ya ce da wa yake magana. Na faɗi sunana na yanka.

Duna ya ɗaga kai. Ya miƙe da ƙyar saboda yunwa, ya kama hanyar titi. Na kashe wayar na bi shi. Na same shi zaune a wurinsa na kullum kusa da mai shayi, fuskarsa na kallon ɓangaren Funtua, yana bin kowace mota da ido. Na tsaya gefensa. Ya ɗan waiwayo ni, ya mai da kansa kan titi. Ba ta gona ya saba ganin na ɓullo ba.

Ban yarda da abin da na gani nan take ba. Ranar Juma'a ce, ta yiwu sabo ne ya tashe shi. Da yamma ya koma gona da kansa. Ranar Asabar na dawo na gwada. Na kira sunaye biyar na abokan karatuna, bai motsa ba. Na ce "Maisuna", bai motsa ba. Na faɗi sunana, ya tashi ya tafi. Ranar Lahadi na sake, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa, ina kallon wani wuri. Ya tafi. Sau uku ke nan, a ranaku uku dabam-dabam.

A ƙauyenmu babu mai kirana da wannan suna, Duna kuma bai taɓa shiga makaranta ba. Mutum ɗaya yake karɓar umarni daga gare shi.

Na tarar da maƙwabcinmu yana karyar masara a gonarsa. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gwada.

"Ni ban ji komai ba, Maisuna."

"Baba, don Allah. Rubutawa zan yi, ba na so in rubuta zato."

Ya daɗe yana ɓare goyon masara guda.

"Ya sa na yi masa alkawari. To, ya tafi, in laifi ne Allah Ya yafe mini. Sau ɗaya na ji. Ina bayan dawa, ya ɗauka babu kowa. Ya sunkuya daidai kunnen karen ya faɗa, karen ya ruga. Da ya ɗago ya gan ni, sai da ya yi mako ba ya haɗa ido da ni." Ya jefa masarar cikin buhu. "Shekarar da ka tafi Zariya ya koya masa. Da kansa yake raka shi har kusa da titi, ya juyo kafin a ce ya zo tarbar ɗansa. In karen ya dawo da haushi, sai ka ga ya yar da fartanya yana hura wuta kamar yaro. Yana jin takunka ya koma ya sunkuya. Kai ba ka taɓa tambayar kanka yadda masara ke jiranka da zafinta ba?"

Ban taɓa ba.

Mai shayi ya cika mini sauran. Ya ce kowace Juma'a karen na zuwa, ko na zo ko ban zo ba. In la'asar ta yi sakaliya ban sauko ba, ya tashi ya koma shiru. Na tambaye shi watanni ukun nan da na yi fushi. Ya ce bai san da wani fushi ba, shi dai bai tuna Juma'ar da kare ya fasa ba.

Mai karatu zai so in ce daga nan kishina ya gushe. Bai gushe ba, ƙaruwa ya yi. Na zauna zan lissafa Juma'o'in shekara takwas, na kai rabi na ajiye biro. Abin da na yi shekara ashirin da bakwai ina jiran in ji sau ɗaya, kunnen kare ya sha shi har ya zama masa aike. Ban san yadda sunana yake a bakin mahaifina ba. Ban san ko yana jan ƙarshensa ba, ko datse shi yake yi. Akwai mai rai guda a duniya da ya san haka sosai, kuma shi ne aka ce ranar Litinin za a zo da igiya a tafi da shi.

Mafaraucin ya cika alkawari. Bayan an shafa addu'ar bakwai ya matso, igiya a kafaɗa. Baffa ya dube ni.

"To, Maisuna?"

"Baffa, a ba shi haƙuri. Karen yana nan."

"Wa zai riƙe?"

"Ni."

"A ɗakin hayar?"

"A gonarsa. Na roƙi maƙwabcinmu zai riƙa ba shi abinci, Inna ta ce za ta riƙa ɗibar masa. Ni kuma duk Juma'a ina nan in Allah Ya yarda."

"Kai da ka jefe shi yana jinya?"

"Ni ɗin, Baffa."

Mafaraucin ya yi murmushi ya sauke igiyarsa. "Dama an ce mini ba ya jin maganar kowa sai ta mai shi. Da wahala kawai zan saya wa kaina." Baffa ya girgiza kai, ya ce yayansa ya tafi amma ya bar taurin kansa a gida. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Na yi jinkiri kafin in rubuta wannan, domin abin da mutum ya ɓoye tsawon rayuwarsa saboda kunya, ban san ko ɗansa na da ikon bayyana shi ba. Na kai wa Goggo maganar. Ta yi kuka, ta fyace hanci, sannan ta ce, "Rubuta, a san ƙanena ba dutse ba ne. Amma kada ka sa sunan." Shi ya sa babu shi a nan.

Maƙwabcinmu ne ya karɓi aiken Juma'a. Ya ce shi ma a kunne yake faɗa wa karen sunan, tun da haka aka saba.

Juma'ar da ta biyo baya na sauka daga motar Funtua, Duna na zaune wurin mai shayi. Ya yi haushi sau biyu, ya juya ya ruga, ba da saurin da ba. Na bi hanya a ƙafa, minti ashirin ɗin nan. Babu hayaƙi a gindin ɗorawa. Na same shi tsaye daidai layinsa, yana haushi ga wurin da babu kowa, ya waiwayo ni, ya sake juyawa. Ya isar da saƙonsa, yana jiran a yar da fartanya.

Na shiga masarar da Baba ya shuka bai ga girbinta ba, na karyo biyu da ba su gama bushewa ba. Na hura wuta a murhunsa na duwatsu uku, na gasa. Ɗaya ta ƙone ta gefe, domin ban iya ba.

"Duna," na ce, "masarar nan ta yi mini yawa."

Na karya na sa masa a kasko. Ya sansana, ya dube ni, ya ci.

Allah Ka gafarta wa mahaifina, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka yafe mini saƙon da na jinkirta da ƙasar da na jefa. Ranar da za a tara bayinKa na gari, ya Allah, Ka kira shi da sunansa.